Gwangwani a Hannun Puring

Lokacin da talabijin ya fara shiga gidajen Manila, da ƙyar ake samun akwati ɗaya a layi guda. In rana ta take, mai shi sai ya buɗe tagogi, don in bai buɗe ba maƙwabta za su buɗe masa. Puring ake zuwa kallo. 'Yar mai wainar shinkafa ce daga unguwar Tondo. A rediyo ta fara waƙa, kafin a ba ta shirin rana ita da wani ɗan barkwanci, Ambo. Ta gabatar da mawaƙa, ta taka rawa, ta tsokani 'yan gasa, kuma ita ce mai talla. A lokacin ba a ɗaukar shiri a ajiye, abin da ya fita bakinka ya riga ya shiga gidajen mutane. Duk abin da Puring ta riƙe kuwa, sabulu ne ko man gashi, kafin yamma ya ƙare a shaguna.

Ranar da ta dawo daga jegon fari, darakta Mista Ocampo ya same ta a ɗakin kwalliya, gwangwanin madara a hannu ɗaya, fidar jarirai a ɗayan. Kamfanin madarar nan mai kauri da zaƙi shi ke ɗauke da nauyin shirin kacokan, daga makaɗa har 'yan rawa.

"Mutanen madara sun ce da jaririyar za ki fito yau. Ki ba ta fida a gaban kyamara, ki ce da wannan kike renonta. Shi ke nan."

"Ai ba da ita nake renonta ba, Mista Ocampo."

"Wa ya tambaye ki? Da kika yi tallan sabulu, wa ya bi ki banɗaki?"

Ambo, wanda shi ya tsaya wa yarinyar uba ran baftisma, yana manna gashin bakin ƙarya a gaban madubi. Ya kira ta da sunan da uban baftisma ke kiran uwar yaro, ya ce, "Kumare, in ba ta sha, a ɗaura mini nafkin a ba ni. Tun safe ban karya ba."

Puring ba ta yi dariya ba. A gidan uwarta ta yi jego, ta ga yadda matan Tondo suke yi da gwangwanin nan. Yana da tsada, sai su yi ta ƙara masa ruwan famfo har ya zama farin ruwa kawai. Fidar ma ba a tafasa ta, don gawayi na girki ne. Ɗan maƙwabciyarsu Nenita haka aka shayar da shi, ya yi ta gudawa har aka fita da shi a ɗan farin akwati. Kuma gyaran gashin Nenita irin na Puring ne sak, a talabijin ta gani ta kwaikwaya.

Ta waiwaya ta ga 'yan rawa suna ɗaura takalma a bayan labule. Ta san kowace da bakunan da ke jiranta a gida.

Jar fitilar kyamara ta kama. Aka yi waƙa, aka yi gasa, lokacin talla ya zo. Puring ta fito rungume da 'yarta, Ambo ya miƙo tire. Ta tsallake fidar ta ɗauki gwangwanin.

"Ambo, kawo mini kofin ƙanƙarar can da mai ganga yake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera."

Ta tsiyaya madarar a kan haɗin ƙanƙara da wake mai zaƙi da ayaba da ke cikin kofin, ta kai cokali baki, ta lumshe ido. "Kai! A ƙanƙara, a kofi, a burodi, babu kamarta. Amma fa ta masu haƙora ce." Sai ta dubi kyamara kai tsaye. "Iyaye mata, 'yar nan tawa nono take sha. Wadda take da shi ta ba ɗanta. Wadda ba ta da shi ta je ta tambayi ungozoma, kada ta tambayi talabijin."

A bayan kyamara Mista Ocampo yana ta jan yatsa a maƙogwaro, alamar a yanke. Ambo ya wafce fidar ya kafa baki. "To ni fa, kumare? Nawa haƙoran biyu suka rage!" 'Yan kallo suka kwashe da dariya, makaɗa suka ɗauka.

Kafin ƙarshen mako kamfanin ya janye.

"Hankalinki ya kwanta, waliyyiyar Tondo?" in ji Mista Ocampo.

Aka rage shirin, aka sallami rabin 'yan rawa. Ɗaya daga cikinsu, Choleng, ta tare ta a bakin ƙofa, ta kira ta Ate, wato yaya.

"Ate, 'yarki tana da nono. Ni 'ya'yana shinkafa suke ci."

Washegari Puring ta sa takalmi marar tsini, ta shiga bin masana'antu da ƙafarta tana neman wanda zai ɗauki nauyin shirin. Manyan duk sun ji labari, suka ba ta kujera da lemo suka sallame ta. A garin Malabon ta dace da Mang Isko, wani tsoho mai haɗa ruwan kifi na miya, irin wanda warinsa ke riga mai shi shiga ɗaki.

"Sai dai da sharaɗi, Mang Isko. Masu rawata za su dawo."

"Su dawo. Me kike so a rubuta miki ki faɗa?"

"Ba ni kwalba ɗaya in kai gida tukuna. In na yi miya ta yi daɗi, ni na san abin faɗa."

"In ba ta yi ba fa?"

"Sai in dawo in gaya maka, kai kaɗai."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya naɗe mata kwalbar a jarida.

Miyar ta yi daɗi. Ranar Litinin Puring ta fito da kwalbar a hannu, Ambo ya toshe hanci da abin maƙale shanya, Choleng tana sahun gaba ba ta ko kallonta. 'Yan jarida suka laƙaba mata Sarauniyar Ruwan Kifi don su ƙona mata rai. Ta sa aka ɗinka sunan a bayan rigarta, da shi ta riƙe shirin har 'yarta ta shiga jami'a.