Ƙyalle a Bakin Kwando

"Ni na ce ki taɓa, Iya. Tumatir nawa ne, ni na shuka. Taɓa mana ki ji ƙarfinsa."

"Naki ne a gona, 'yata," in ji Iya Lai'atu, ta maida hannayenta baya kamar an nuna mata garwashi. "A nan kuwa na mai ƙyalle ne."

Doreen ta dubi inda tsohuwar ta nuna da haɓa. A bakin kowane kwando nata an ɗaure wani siririn ƙyalle kore mai ɗigon rawaya. Ta san shi sarai. Ragowar atamfar da ta ɗinka wa Gershon riga da ita ce lokacin Kirsimeti. Ita ta zaɓo, ita ta kai wa tela.

Gershon saurayinta ne, kuma dillali ne a wannan kasuwa ta kayan gwari da ke gefen Kafanchan. Ranar Asabar mai zuwa kawunnansa za su je Manchok gaisuwa wurin mamarta. Da sassafe, da motar haya ta sauke ta da kwandunanta, shi ya fara isowa da saurinsa, yana murmushin nan nasa da ke sa ta manta abin da za ta ce. Ya durƙusa ya bi kwandunan yana ɗaure musu ƙyalle, ya ce, "Na ɗaure miki, Dori. Ba wanda zai dame ki." Ita kuwa da ta gane atamfar, sai da ta juya kai don kada ya ga idonta ya kawo ruwa. Ashe har ragowar ya adana! Ta zauna tana jin duk kasuwar nan babu macen da aka riƙe kamar ita.

Yanzu hantsi ya wuce. Gaskiyarsa kuwa, ba wanda ya dame ta. Ko tayi ba a yi mata ba.

"Wannan ne zuwanki na farko ko?" Iya Lai'atu ta tambaya. Tana da tebur a bakin kasuwar, inda take sayar da kayan miya kashi-kashi, a gurbin da uwarta da kakarta suka zauna. Ta jawo ɗan benci ta zauna kusa da Doreen. "To bari in faɗa miki, tunda shi bai faɗa ba. Kowane dillali da kalar ƙyallensa. In ya ɗaure wa kwando, ya zama nasa ke nan. Wani dillalin ba ya tayawa, baƙo ba ya tayawa, mu 'yan tebur ko kallo mai tsawo ba ma yi. Sai ya dawo ya yanka kuɗi."

"Yaushe zai dawo?"

"In rana ta gama aikinta."

Doreen ba ta gane ba sai da ta bi idon tsohuwar zuwa ƙasa. A gindin kwandon farko ƙasa ta yi duhu, ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin saƙar. Ta sa hannu ta ɗaga na sama. Na ƙarƙashi sun yi ɗumi, fatarsu ta saki. Wani ya fashe a yatsunta.

Zuciyarta ta koma fadamarsu da ke gindin dutse. Ta tuna yadda man injin ban ruwa ya gagare su, ita da mamarta suka koma ɗibar ruwa a rafi da bokiti, mamar tana dafe da gwiwa tana waƙar coci don kada ta ji ciwon. Ta tuna masu babur da suka bi su har gona makon jiya suka yi tayin wulaƙanci, mamar ta gaji ta ce a ba su kawai a huta. Ita Doreen ce ta hana. "Mommi, ki bari. Muna da mutum a kasuwa." Da bakinta ta faɗa, har tana ɗaga kai.

A gefenta wani dattijo ne zaune da buhunan kabeji, an ɗaure musu shuɗin ƙyalle. Ya cire rigarsa ya lulluɓe buhu ɗaya da ita, ya bar bayansa a rana. Can gaba mata biyu sun tsare attarugu da zani, kowace ta riƙe gefe ɗaya. Duk layin haka yake. Ƙyallaye na kaɗawa, mutane sun yi shiru suna kallon guminsu yana narkewa.

"In na kwance fa?" in ji Doreen.

Iya Lai'atu ta waiga hagu da dama. "Rufa wa kanki asiri. Wanda ya kwance, babu dillalin da zai ƙara sayen kayansa har kakar ta fita. Wani lokaci ma har 'yan garinsu abin ke shafa."

Ana cikin haka wata mata mai jiki ta tsaya a kansu, da laima da ƙatuwar jaka. Madam Mildred ake kiranta, tana kai wa otal-otal kaya a Abuja. Ta sunkuya ta ƙura wa tumatir ɗin ido.

"Kai, wannan ya yi kyau. Na wa ne?" Sai ta ga ƙyallen, ta miƙe. "Au, an ɗaure. Ƙila ma cikin nawa yake."

"Naki kamar yaya, Anti? Ba a yanka kuɗi ba tukuna."

"Ke ce ba a yanka wa ba. Ni tun safe muka gama da su, har na biya. Jira nake su loda min." Ta faɗi abin da ta biya a kan kowane kwando, tana fifita da gefen gyale. "Kuma kullum sai sun shanya min kaya a rana. Su tsince masu ƙarfi su ba ni, in isa Jere rabin ya fara kuka."

Da ta wuce, Doreen ta juya ga Iya Lai'atu. "Jiya nawa suka ba masu gona?"

"Bai kai rabin wannan ba. Za su zo su tona kwandon a gabanki, su nuna miki masu laushi, su ce kin kawo ruɓaɓɓe. Masu laushin kuma ba zubarwa za su yi ba, masu markaɗe na jiransu a baya. Mu ma sai yamma za su sakar mana, da tsada, teburina ga shi can wayam tun safe."

Doreen ta tashi. Ba ta san lokacin da ta ratsa layin masu albasa ba, sai ganin kanta ta yi a bakin rumfar dillalai. Inuwa ce mai sanyi, an yayyafa ruwa a ƙasa. Suna zaune a kan benci suna cin doya da ƙwai, rediyo na yi. Gershon na tsakiyarsu, sanye da rigar nan kore mai ɗigon rawaya.

"Gershon, zo."

"Eyye! Madam tica ta yi kira," wani ya ce, don sun san malamar makaranta ce, aka yi dariya. "Tashi maza kafin a sa ka nil dan, gwiwa a ƙasa."

Ya fito yana goge hannu, ya ja ta gefe. "Dori, lafiya? Kin ci abinci? Bari in sa a kawo miki..."

"Tumatir na yana zubar da ruwa."

"Na sani. Ki yi haƙuri kaɗan. Farashi bai fito ba, ana jiran waya daga kudu."

"Wane waya? Matar Abuja ta biya ku tun safe."

Ya dubi rumfar, ya rage murya. "Abeg, kada ki ɗaga murya. Ba ki san aikin nan ba. Kin san nawa dizal yanzu? Kin san shinge nawa mota ke tsayawa kafin ya kai? Wani lokaci mota ya lalace a hanya, kaya duka ya ruɓe, mu ne a ciki. Dole a samu inda za a rage."

"Sai a rage a bayan mamana?"

"Ki saurara mana. Naki daban ne. In Baba Nathan, shugabanmu, ya yanka kuɗi, ki karɓa kawai, kada ki yi gardama. Anjima in mun haɗu zan cika miki daga la'adata, har ya kai na safe. Ba wanda zai sani. Shi ya sa na riga kowa ɗaurewa, don kada ki faɗa hannun wani."

Ta tsaya tana kallonsa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da gaske yake. Fuskarsa cike da kulawa, yana jiran ta yi godiya. Wannan bakin ne ya taɓa ce mata a bayan coci, mawaƙan kwaya na gwajin waƙa, ba zai yarda ko ƙuda ya sauka a kanta ba. Yau ga ƙudaje sun yi baƙi a kan kwandunanta, shi kuma ya san ƙarfe nawa za su gama.

"Wato ka sace a gaban mutane, ka mayar min a ɓoye, in ce na gode."

"Haba, Dori. Sata kuma?"

"Baban can mai kabeji fa? Wa zai cika masa? Ko shi ba a zuwa gaisuwa gidansu ranar Asabar?"

"Ni na kawo tsarin? Haka na tarar."

"Ka tarar. Amma ƙyallen kai ka yanka. Da atamfana, Gershon! Wanda na ɗinka maka!"

Muryarta ta kai cikin rumfa. Baba Nathan, shugaban dillalan, ya taso a hankali yana sakace. Dattijo ne a cocinsu Gershon, mutum mai taushin magana.

"Amaryarmu, me ya yi zafi? Ke da kin kusa zama 'yar gida. Koma ki zauna, yanzu za mu zagayo. Kasuwa tana da tsarinta, 'yata. Ba don ƙyallen nan ba, da dillalai sun kashe juna a kan kwando ɗaya."

"To ku ɗaure ku yanka kuɗi nan take mana, Baba. Me ya kawo jiran rana?"

Ya yi murmushi. "Yarinya da karatu."

"Ranar Lahadi kai ke tsayawa a gaba kana addu'a a kan baikon da aka tara a coci. Kana roƙon Ubangiji ya albarkaci aikin hannun manoma. Na ji ka da kunnena. Ashe Litinin kake jira ka shanya albarkar a rana."

Baba Nathan ya cire tsinken daga bakinsa, ya dubi Gershon, ba ita ba. "Ka yi wa yarinyarka magana."

Ba ta jira ba. Ta juya ta koma, Gershon na binta yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Mutanen layin suka ɗago kai. Ta isa kan kwandunanta ta durƙusa. Ƙullin ya yi tauri, da ya ɗaure shi, da ƙarfi ya ɗaure. Ta sa farce, ya ƙi. Ta sa haƙori.

"Dori, don Allah. In kin kwance ba zan iya taimakonki ba. Sauran da ke gona fa? Wa zai saya? Ki tuna da Mommi."

Hannunta ya tsaya. Sauran da ke gona ya fi wannan yawa, yana nan yana nuna, ba zai jira kowa ba. Ta ga fuskar mamarta in ta koma ta ce mata ta rufe musu ƙofar kasuwa da hannunta. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ɗaga ido ta dubi Iya Lai'atu.

Tsohuwar ta tashi ta je teburinta, ta ɗauko babbar robarta da babu komai a ciki, ta dawo ta ajiye ta a gaban kwandon, ta tsaya. Daga bakin kasuwa wasu matan tebur biyu suka leƙo, ɗaya ta riga ta ɗora tata robar a kai.

Ƙullin ya saki. Doreen ta bi sauran kwandunan tana kwancewa, ba ta yi sauri ba. Dattijon mai kabeji ya miƙe tsaye yana kallo, bakinsa a buɗe. Da ta gama ta tattara ƙyallayen, sun jiƙe da ruwan tumatir, ta kamo hannun Gershon ta danƙa masa.

"Riƙe abinka. Ka ce wa kawunnanka su dakata da maganar Asabar, sai na ga a wane layi kake tsaye."

Sannan ta juya ga kasuwar, ga rumfar da dillalai suka fito suka yi cirko-cirko a bakinta, ta ɗaga murya yadda take yi a gaban aji.

"Na kwance! Tumatir ɗin nan ni na shuka, ni zan sayar, roba-roba, a kuɗin safe, ga duk wanda ya zo. Wanda ke gona ma haka zan yi da shi, ko a bakin titi ne. Daga yau ba ƙyallen da zai ƙara hawa kwandon gidanmu. Iya, matso da robarki."