Giɓin Haƙori na Arba'in

Shekara goma sha biyar ina gyaran kwamfuta a Kankia, kuma ni mutum ne da ba ya son tarkace. Shi ya sa da na tashi sharar shago bara, na kwashe tsofaffin wayoyin nan masu faɗi kamar ɗamara, waɗanda ake haɗa faifan ajiyar kwamfutar da da su, na ba 'yan gwangwan. Na ce wa zai ƙara neman su? Yanzu zamanin siririyar waya ne, wadda Turawa suka sa wa suna sata, ko kunya babu.

Bayan wata biyu wata mata, Iyatu, ta zo daga Bauranya da faifai naɗe cikin ɗankwali. Na mijinta ne, marigayi Malam Badamasi. Ta ce kwamfutar ta daɗe da mutuwa, amma a cikin faifan akwai karatun Alƙur'ani da ya ɗauka da muryarsa. 'Yarsu Sa'a tana ciki ya rasu, ba ta taɓa jin muryar ubanta ba, ga shi za ta yi sauka bayan salla. Abin da take so kawai a sa wa yarinyar karatun ranar.

Ina juya faifan gabana ya faɗi. Tsohon yayi ne, mai gurbin haƙoran ƙarfe arba'in jere biyu, ba ya haɗuwa sai da waccan waya mai faɗi. Haushin kaina ya kama ni, na huce shi a kanta. Ta nuna mini wani giɓi a tsakiyar haƙoran, ta tambaya ko ita ta karya guda. Ban ko duba ba, na ce ta koma da abinta ta dawo bayan mako.

Na yi yawo har na gaji. Daga ƙarshe a Kafin Soli na samu wayar, wani malamin makaranta ya ɗaure ƙyauren akurkin kajinsa da ita. Na wanke ta, na aro tsohuwar kwamfutarsa, na dawo ina jin kaina.

Iyatu ta iso da fara'a, ta kwance ɗankwalin. Wayar ta ƙi shiga. Da na kai faifan bakin ƙofa wajen haske, sai na ga giɓin ya cike. Ta ce abin ya hana ta sukuni, shi ne ta kai wa wani mai gyaran rediyo ya dasa guntun allura da dalma, don kada ta kawo mini aiki da nakasa. Dalmar ta malale ta haɗe haƙora huɗu, allon da ke ƙasa ya yi baƙi.

Na cire allurar, na kankare abin da zai kankaru, na haɗa. Faifan bai ko motsa ba. Na kara kunnena a jikinsa kamar mai sauraron ƙwai, shiru.

Ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta ce, “Malam Bubayero, giɓin nan, mi ya same shi tun farko?”

“Babu komai. Haka ake ƙera su.”

“Ashe da lafiyarshi na kawo maka shi.”

Ta naɗe faifan a ɗankwali, ta yi mini godiya. Har yau wayar tana rataye a ƙusa bayan kujerata, ba wanda ya zo nemanta.