Gorar Malam Jafaru

Duk wanda ya san Jakara ya san Malam Jafaru da gorarsa. Shugaban wata rundunar 'yan kwana-kwana ne, amma aikin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne riga-kafi. Ya yanke gorar nan daidai faɗin motar kashe gobara, daga madubi zuwa madubi. Sai ya riƙe ta a gicciye ya shiga lungu, ma'aikatansa na biye. Inda ta wuce, mota za ta wuce. Inda ta tokare kuwa, ko teburin mai shayi ne ko dakalin attajiri, sai an kawar.

Shekara shida da suka wuce, gorar ta tokare a inda bai so ba, wato rumfar majalisarsu da ke bakin lungun gidansa. A ƙarƙashinta suke ciyayya shi da abokansa tun suna samari, kowa ya fito da kwanon gidansa bayan Magariba. Alhaji Isiyaku mai turare, amininsa, shi ya kafa dirkokinta da hannunsa. Bayan rumfar kuwa gidaje sun fi arba'in, ba su da wata mashiga, ga wayoyin lantarki sun sarƙe kamar taliya, ga jarkokin fetur a kowane zaure.

"Haba Jafaru, har da rumfar tamu?" in ji Isiyaku.

"Kamu biyu ta shigo hanya, Alhaji."

"To gorar ce ba ta san mu ba, ko kai ne ka manta mu?"

Aka sauke rumfa. Majalisa ta koma zauren Isiyaku, kuma babu wanda ya ce wa Jafaru kada ya zo. Mutanen birni ba sa kora da baki. Ya kai kwanonsa, aka amsa masa sallama, aka matsa masa wuri, aka cinye na kowa, nasa ko hannu ɗaya bai shiga ba. Kwana uku yana komawa da shi a cike. Matarsa Habiba ta buɗe, ta rufe. Tun daga nan yake cin abincinsa shi kaɗai a soro, yana jiyo dariyarsu ta katanga, kuma abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Ga abin haushi, wuta ba ta taɓa tashi a lungun ba. Da ta tashi mota ta shiga, da an ce Jafaru ya hango nesa. Amma wa ke gode wa mutum saboda gobarar da ba a yi ba? Sai dai in ya wuce a ce, "Ga mai gora nan, ku janye ƙafafunku."

Ranar wata Alhamis ya yi ritaya. Aka ba shi agogon bango, ya miƙa aiki ga mataimakinsa Abdulhakeem, ya dawo gida da gorarsa ya jingine ta a bayan ƙofa. Asabar da hantsi ya ji ana buga ƙusa a bakin lungu. Kafin Azahar rumfa ta tashi da sabon kwanon rufi, sai ga Isiyaku da kansa yana sallama.

"Ka ajiye hular hukuma, ka dawo namu. Mun bar maka wurinka na jikin dirka, saboda ciwon bayan nan naka. Ka gaya wa Hajiya muna kewar dambunta."

Jafaru ya shiga gida da murna ya isar da saƙon. Habiba ta ƙara awo, ta zuba zogale da mai ba ƙyashi. Da yamma hannu biyar suka shiga kwanonsa lokaci guda, har ana ture juna. Aka tsokane shi kan furfurarsa, ya rama. Rabon da ya yi dariya irin wannan har ya manta.

Amma idon da ya shekara talatin yana awo ba ya yin ritaya. Yana zaune ya ga mata suna dawowa daga unguwa da goyo, suna raɓawa ta gefen dirka ɗaya bayan ɗaya. Ya tsame hannunsa daga kwano.

Da safe ya ɗauko gora, yana roƙon Allah Ya sa idonsa ne ya tsufa. Ya riƙe ta a gicciye, ya taka a hankali. Ta tokare, daidai jikin dirkar da aka bar masa. Isiyaku na tsaye a ƙofar gidansa da buta a hannu. Suka dubi juna, sannan Isiyaku ya juya ya shige.

Jafaru ya kira Abdulhakeem a waya, ya gaya masa inda rumfa ta tare hanya.

"Ranka ya daɗe, ba lungunku ba ne wannan?"

"Shi ne. Ku zo gobe. Ku sauke a hankali, kwanon sabo ne, kada ku lauya musu shi."

Ya shiga gida ya tarar Habiba ta fito da mudu za ta auna tsakin dambu.

"Hajiya," ya ce, "rage awon. Na mutum biyu ya isa."