Inda Aka Ƙirga Octave

"Sake karanta mini," in ji Beryl. "A hankali, kunnuwan nan nawa ado ne kawai."

Faridatu ta gyara zama a bakin gadon. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakaninsu a wannan layi na unguwar Small Heath a Birmingham, ita da tsohuwar Baturiyar nan mai bakin tsiya, wadda za ta yi mitar warin daddawa ta kuma cinye tuwon tas. Yanzu likita ya ce saura kwanaki. Beryl ba ta nemi fasto ba, ba ta nemi lauya ba. Abu ɗaya take son sani kafin ta tafi: da gaske ne kakanta Octave, Bafaranshe mai gasa burodi, ya fake da tafiya neman aiki ya gudu ƙasarsu ya bar mace da 'ya'ya uku? Haka uwarta ta gaya mata, kuma saboda haka aka hana ambaton sunansa a gidansu.

Sati biyu Faridatu ta yi tana tonon tsofaffin takardun ƙidayar jama'a a waya, a cikin bas, a wurin aiki, har miya ta ƙone mata sau biyu. A ƙidayar 1911 ga Octave nan a unguwar Balsall Heath ta Birmingham da matarsa. A ta 1921 kuwa, matar ce kaɗai da yara. Wallahi har Faridatu ta fara shirya ƙaryar da za ta yi wa tsohuwar, sai mijinta Sumani ya ce, "Ke ma dai! Birmingham ce kaɗai Ingila? Duba wasu garuruwan mana."

Sai ga shi a Manchester, a ƙidayar ta 1921.

"Octave Lemaire," ta sake karantawa. "Shekara talatin da takwas. Haifaffen Faransa. Yana da aure. Majiyyaci a asibitin masu tarin fuka." Ta ɗago kai. "Na samo takardar rasuwarsa ma, Mama. Wata biyu bayan ƙidayar."

"Yana da aure," Beryl ta maimaita. "Bai ce musu shi gwauro ne ba."

"Bai ce ba."

"Ashe neman aikin da ya ce ya tafi gaskiya ne. Shashasha, ko wasiƙa!" Ta yi dariya, hawaye na gangara mata cikin kunne. "To, bai iya rubuta Turanci ba, bawan Allah. Haɗa mini shayi, sukari uku, kar ki gaya wa nas."

A kicin Faridatu ta jingina da bango ta ce alhamdulillahi. Daɗi ne ya kama ta.

Ranar Alhamis da hantsi Beryl ta cika, hankali kwance. Bayan an ɗauke ta, Faridatu ta shiga naɗe bargo, sai wani ambulan ɗin wasiƙar ƙaramar hukuma ya faɗo. A bayansa, da rubutun Beryl mai karkarwa, an rubuta Octave sau uku. Na ukun bai kai ƙarshe ba, biron kuma yana nan a kan matashi, ba a rufe shi ba.