Ƙurar da Ta Ƙi Bajewa

"Ki cire babi na huɗu," in ji Farfesa, ya turo mata kundin bincikenta ko kai bai ɗago ba. "Kuskuren na'ura ne."

Ɗalibar, wadda abokanta ke wa laƙabi da 'Yar Ƙura, ba ta miƙa hannu ba. Shekara uku ta yi tana zuba ƙura mai laushi cikin tulun gilashi, inda lantarki ke mai da iskar gas ta zama filasma mai hasken shunayya. Ƙurar kan tsaya a tsakiya tana shawagi. In aka ɗan zungure ta da lantarki, sai ta yi igiya kamar ta ruwa, ta baje, ta mutu. Haka littafin Farfesa ya ce, shekara ashirin ana koyar da shi. Amma in ta ƙara ƙarfin zungurin, igiyar takan dunƙule ta zama tudu guda, ta ratsa tulun ba ta sauya siffa ba.

"Ranka ya daɗe, sau arba'in da bakwai na maimaita."

"Ko sau dubu ne. Jibi za ki kare aikinki. Muddin babin na ciki, ba na sa hannu."

"To, a bar hannun. Abin da idona ya gani, bakina ba zai musa ba."

Ta ɗauki kundinta ta sauka ɗakin gwaji. Baba mai kula da na'urori ya riga ya jiyo komai daga bene.

"'Yata, ki karɓi takardarki tukuna. Ba a faɗa da kada ana cikin ruwa."

"Baba, kunna mana injin. Ka bar ƙofar a buɗe."

Tulun ya haskaka. Ta zunguri ƙurar, tudun ya tashi a allon kwamfuta, ya ratsa bai baje ba. Ta sake. Ta kuma sakewa.

Da aka tashi aiki, Farfesa ya zo wucewa da makullin mota a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe. Can ya shigo, ya tsaya a bayanta.

"Matsa in gani."

"Akwai wuri ta can gefen, ranka ya daɗe," ta ce, idonta na kan allo.

Baba ya sunkuya yana goge teburin da ba shi da datti. Sai Farfesa ya zagaya can gefen.