Takabar Iya Folarin

Maƙwabciyata Iya Folarin ta zame a bakin rijiya, idon sawunta ya karye, aka yi mata aiki a Ibadan aka sa ƙarfe. Ni na ɗauko ta zuwa gida Ogbomosho, don haka da kunnena na ji gargaɗin likita. Ya ce kada ta kuskura ta yini zaune. Ta riƙa takawa da sanduna, ta sha maganinta, in ba haka ba jini zai iya daskarewa a jijiyar ƙafar, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. In ƙwaurin ya kumbura ya yi zafi, a dawo da ita, kada kowa ya matsa.

Ba ta cika mako a gida ba mijinta ya rasu.

A danginsu mai takaba tabarma ake shimfiɗa mata a ƙuryar ɗaki, ta zauna a ƙasa, ba fita sai uzuri. Yayar mamacin, Mama Agba, ta kwashe sandunan ta jingine bayan ƙofa.

"Mama, likita fa cewa ya yi ta riƙa tafiya," na ce.

"Ke Abeke, likitan ne ya aure ta? So kike a ce ƙanena bai huce a kabari ba matarsa na zagaya gida kamar mai tallan ƙosai?"

Na bar sandunan inda ta jingine su, tunda ba gidanmu ba ne. Masu gaisuwa suka cika tsakar gida, ana ta kirɓa sakwara ana shewa, ita tana ciki ita da bango. Ɗanta tilo, Folarin, yana Turai, takardu sun hana shi zuwa. Da baƙi suka watse, ni kaɗai ke leƙa ta da rana, kuma wallahi tausayinta har cikin raina.

Wata rana ta ɗage zane ta nuna min. Ƙwaurin ya yi suntum, ya ɗau zafi.

"Tashi mu tafi asibiti, Yaya."

"In fita? Da ma ana raɗe-raɗin ni na ci shi. Ki bari in gama, Abeke. Sunana kawai ya rage min."

Na gaya wa Mama Agba. Ita kuwa, da zuciya ɗaya, ta dafa ruwa, ta kawo man kaɗe, ta zauna ta murje ƙafar nan son ranta. Na ce likita ya hana. Ta ce da wannan hannun ta gasa masu jego kafin a haifi likitan.

Ranar fita takaba aka yi mata wanka, aka ɗaura mata sabon zane. Ta miƙe da sandunanta, ta fito bakin ƙofa tana lumshe ido saboda rana. Sai ta dafe ƙirji.

"Abeke, iska ta ƙi shiga."

Kafin mu sami mota ta cika, kanta a cinyata.

Da yamma na ji matan gidan suna ta yabo, wai soyayya ce, mijinta ne ya kasa haƙuri ya kira ta. Na san mutumin tun ina amarya. Ko abinci yake so, ƙwanƙwasa tebur yake yi, ban taɓa jin ya kira ta ba.