Zumuncin Ƙudaje

"Inna, sake faɗa min, a hankali. Me kike yi da audugar?"

"Cirewa nake yi mana, ɗan nan. Ranar Litinin kawai, in na zo goge ƙasa. In na gama in mayar."

Inna ita ce mai sharar ɗakin bincikenmu, ta kusa yin jika da ni, kuma ta yi maganar ne tana matse tsumma a bokiti hankalinta kwance.

Shekara huɗu ke nan ina kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Dangi ɗaya ne na raba biyu, a akwatunan gilashi biyu, waɗannan suna cin sitaci, waɗancan sukari. Tsakaninsu akwai bututu, na toshe shi da auduga. In aka raba dangi har zuriya ɗari ba mai leƙa wani, ƙamshinsu da rawar neman aurensu kan soma bambanta, har ranar da za a haɗa su macen nan ta dubi namijin can ta kau da kai. Daga nan sabon jinsi ke somawa. Abin da zan nuna ke nan in sami digirina, mahaifin masoyiyata kuwa ya rantse ba zai saurari maganar aurenmu ba sai ya riƙe takardar da hannunsa.

Yau da safe na shafa wa na sitaci jan gari, na sukari shuɗi, na haɗa su a kwalba ɗaya. Masoyiyata har hutu ta ɗauka daga kantin maganin da take aiki, ta zo ta ga yadda za su ƙi juna. Ko minti biyu ba a yi ba ja ya bi shuɗi, shuɗi ya bi ja, ba kunya ba tsoron Allah.

"Amma me ya sa, Inna?" na tambaye ta.

"Kai ba ka ganinsu? Su jeru a jikin gilashi, waɗannan suna kallon waɗancan. Na tambaye ka tun farko, ka ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. To, wane irin ilimi ne raba 'yan'uwa?"

"Haske suke bi, Inna! Taga suke kallo!"

"Kai ka ce taga. Ƙanena ya tafi neman abinci, shekara talatin, da 'ya'yansa suka zo ko gaisuwata ba su gane ba. Na ce a gabana dai ba za a yi wa waɗannan haka ba."

"Tun yaushe kike buɗewa?" in ji masoyiyata. Ta rufe baki da gyalenta, kafaɗunta suna motsi.

"Tun makon da ya kawo su, 'yar nan."

Litinin ɗari biyu! Na zauna a ƙasan da ba ta bushe ba. Na tuna wasiƙun da na rubuta wa masoyiyata ina kwatanta kaina da dutsen da ya raba kogi biyu, ashe kowane mako Inna na fasa dutsen da yatsa biyu. Hawaye suka zubo min, na gaske, masu zafi.

Masoyiyata ta durƙusa kusa da ni.

"Mai Ƙuda, in ka sake daga farko, shekara nawa?"

"Huɗu. In na sa kwaɗo a ƙofa."

"Ni kuma ina gida, kai kana nan, muna kallon juna ta gilashi?"

"Baba ya rantse."

"Ka taɓa zuwa ka zauna da shi? Sau nawa ka gan shi a shekara huɗu?"

Na lissafa da yatsu. Yatsa ɗaya ya ishe ni.

"Ka ji!" in ji Inna, ta nuna ni da sandar goge ƙasa. "Shi ma kansa a toshe yake."

Masoyiyata ta miƙe, ta kakkaɓe siket ɗinta, ta ɗauki kwalbar da ƙudajen ke ta shagalinsu ta cusa a jaka.

"Tashi ka wanke fuskarka. Yanzun nan za mu je wurin Baba, ka nuna masa waɗannan, ka gaya masa gaskiya da bakinka. Ƙudajenka su jira shekara huɗu in suna so, ni dai bana zan yi aure. Inna, ajiye bokitin nan, ke za ki yi mana magana."